Albarka, In Ji Baba Cindo

Allura na shiga saya a Kurmi,
da zare shuɗi, da alli.
Sai wata siririyar murya ta biyo lungu,
ta tsallake masu kanwa da masu turare,
ta kama ni a kunne yadda uwa ke kama ɗa.

Na bi ta har bakin Jakara.
Rumfa ce da ba ta kai tabarma biyu ba:
kaskon garwashi, 'yar guduma, almakashi,
tsoho a zaune, gwangwani a cinya,
sarewa a baki, rami shida,
yatsu suna hawa suna sauka.

Na ce, Baba, nawa?
Ya ce dubu goma sha biyu.
Na yi dariya har hulata ta karkace.
Gwangwanin madara fa, Baba,
irin wanda Uwani ke watsawa a bola,
awaki su sansana su wuce!
Ga ta roba can Sabon Gari, ja da kore,
ɗari biyar, har da igiyar ratayawa.
Na taya dubu uku.
Albarka, in ji shi, bai ko ɗago ba.
Huɗu. Albarka.

Ya janyo wani kwando da ƙafa,
cike da sarewu, kowacce an karya mata wuya.
Wannan ta yi gardama a rami na biyar.
Wannan dalma ta zarce mata, murya ta dushe.
Wannan lafiyarta lau, ba ta dai kwanta mini ba.
Bakwai ke mutuwa kafin ɗaya ta yi magana,
wa zai biya ni likkafaninsu?

Na ga babban yatsansa, wuta ta cinye zanen.
Ya ce a banki sau uku ya dangwala,
na'ura ta ce ba ta san shi ba.

Sai ya dubi kaina.
Hular nan aikin wa?
Na ce nawa ne.
Kwana nawa ta ci?
Na ce sati biyar, da ciwon ido.
To ta inji nawa take a Kwari?

Na sunkuya ina gyara takalmin da bai kwance ba.
Shekaranjiya wani mai babbar riga
ya taya mini hula kuɗin ƙosai,
na ce masa albarka
da wannan muryar, ban ɗago ba.

Na ƙirga dubu bakwai, saura sai Juma'a.
Bai rubuta ba.

A gida Uwani ta juya ta, ta ƙwanƙwasa da farce.
Nawa? Na ce dubu biyu.
Ta ce wallahi an cuce ka.
Na bar ta a nan. Da ta ji gaskiya
da ta auna mini ita da kwanon shinkafa,
da man gyaɗa, da takalmin makarantar Ladiyo.

Bayan isha ina hawa soro in busa.
Abin da ke fita, ɗan tsako ne a farcen shaho.
Malam Barau ya aiko yaro
a tambaya ko akuyarmu lafiya.
Ashe muryar da ta ja ni lungu
rabinta a ƙirjin tsohon take,
wannan kuwa bai sa mata kuɗi ba.

Jiya da hantsi na ji ta daga zaure.
Ladiyo ce, ta ɗauka ba izini.
Sauti ɗaya, dogo, wankakke,
ya tsaya a tsakar gida kamar baƙon kirki.
Uwani ta dakata da tankaɗe.
Ba ta ce komai ba, ta ci gaba.

Ta ci kuɗinta?
Shinkafar da tuni an ci, an wanke kwano.
Sai dai ciki ba ya jin busa,
na san wannan, ina da shi.
Gobe Juma'a, ana bi na dubu biyar,
allurar ma har yau ban saya ba.